Cinikin Bara

Malam Auwalu ya damƙi rigar Sagir, dillalin hannun jari.

"Sagir, gonata ta Birnin Tsaba na sayar na sayi hannun jarin kamfanin lemon nan! Kai ka auna farashin da cinikinsu na bara, ka ce araha ce, kwabo hamsin kan kowace nairar ciniki. Yau ka ce ba mai saye?"

"Lissafin daidai ne, Baba. Cinikin ne ya mutu."

"Wa ya kashe shi? Nuna mani shi!"

Sagir ya sunkuyar da kai.

"Ashe lemon kaɗan ne, yawancin cinikin na giya ne. Sitonsu ne kwamitinku na Shari'a ya rufe a Ƙaura, makon da aka fara ta. Baba, kai ka buga kwaɗon da hannunka."