Ba Irin Wannan Mutuwar Ba

"Ba zan sa hannu a sakamakon nan ba, Farfesa."

Ya zare tabarau. "Ƙwayoyin kansar sun mutu ko ba su mutu ba?"

"Sun mutu. Amma ba irin mutuwar da muke nema ba."

Shekara uku tana haɗa maganin da zai tuna wa ƙwayar cutar kansa yadda ake mutuwa: ta tsuke, ta naɗe kayanta, ta tafi ba ta taɓa maƙwabta ba. Na cikin farantin gwajin kuwa kumbura suka yi suka fashe, masu lafiyar ma suka bi su.

"Ko ruwan batir na zuba, haka za su yi," ta ce.

"Yarinya, wata mai zuwa za a fara ba majinyata. Kin san sunan wa ke farko."

Ta sani. Ita ta aske wa yayarta sauran gashin kanta ranar Asabar, suna dariya.

Ta tura masa bironsa, ta ninke farar rigarta.

Aka dakatar da gwajin, ta rasa aikin. Wata biyar yayar ta ƙara a duniya, ba ta sake yi wa ƙanwar tata magana ba.