Takardar Rakiyar Gawa

Shekara bakwai ke nan da annoba ta rufe iyakokin ƙasashe. Ƙofa ɗaya tak aka bari: gawa na iya komawa ƙasarta, tare da mai rakiya mutum ɗaya.

Dab da rufewar ne Barira ta zo Kumasi jinyar mahaifinta, Malam Ilu, ta wata guda, ta baro 'ya'ya uku a Funtuwa, autar ko magana ba ta fara ba. Da likita ya ce Malam Ilu ba zai kai mako ba, ta kwana biyu a layi ta karɓo takardar rakiya. Sau ɗaya ake ba mutum ita, wa'adinta kuma ranar Juma'a yake cika.

Safiyar Alhamis ta shiga ɗakin, ta tarar da tsohon a zaune yana laluben hularsa.

"Barira, jikin nan fa da sauƙi. Yunwa nake ji, dama mini koko."

Ta dube shi. Ta dubi jakar da ta riga ta ɗaure, da takalman da ta saya wa autar da ka, don ba ta san girman ƙafarta ba.

"Sannu, Baba," ta ce, tana janye kofin ruwa daga inda hannunsa zai kai. "Likita ya hana. Ka daure zuwa gobe."

Ta fita, ta ja masa ƙofa.