Kakar Mai Hular Tagulla

Usaina ta tsiyaye man janareta tas a tsohuwar jarka, ta tura ta bayan buhun gawayi, ta wanke hannu da toka har sau biyu kada mijinta ya ji wari. Ƙarfe huɗu Kelvin, abokin mijin nata, zai zo da fim ɗin. Yanzu uku ta gota.

Shekara uku ke nan da batirin mota ya fashe wa mijinta Abdulkahar a fuska a garejinsu na Akurba, ya tafi da idanunsa biyu. Da aka sallamo shi daga asibiti sai ya juya wa duniya baya, ya daina ci, ya daina magana. Har mutum-mutumin roba na jaruminsa, Mai Hular Tagulla, wanda a da ko ƙura ba ya bari ta hau, ya ce a jefa a shara. Ana cikin haka abokinsa Kelvin ya kawo littafin zane guda na jarumin a cikin leda, fes kamar yau aka buga. Ya ce sabon fitowa ne, Madam ta karanta masa.

Usaina tana da takardar gama firamare ta Adogi, da hatimi da komai. Karatun ne dai babu. Ta buɗe littafin, Turanci ya cika bakin kowane mutum a ciki, ba ta gane ko ɗaya ba. Ta dubi hotunan, ta dubi ƙeyar mijinta, ta fara zuba abin da ya zo mata. Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Tun daga nan duk wata Kelvin sai ya kawo sabo, ita kuma ta ɗora daga inda ta tsaya. Wani dogon mutum mai tabo a kumatu da ke cikin hotunan ta mai da shi ƙanen jarumin. Ta yi wa jarumin shanu. Ta yi masa kaka mai dafa gishiri irin na matan Keana, wadda mugaye suke neman ƙwace mata fili.

"Gishiri? A Amurka?" in ji Abdulkahar.

"Haka aka rubuta."

Ya yi dariya har da tari, ya ce ta ci gaba. Littafi talatin da ɗaya suka yi a haka.

Sai ga shi an mai da labarin fim. Abdulkahar kuwa yana jin Turanci kamar me. Minti goma sun isa ya gane cewa shekara uku matarsa tana riƙe da takarda tana yi masa ƙarya don ba ya gani. Ba fushinsa take tsoro ba. Tsoronta ya sake juya fuska bango, kuma wannan karon ba ta da abin da za ta juyo da shi.

Babu abin da ba ta gwada ba. Ta kai littafi wurin Malama Rosaline, maƙwabciyarsu mai koyarwa, ta ce a koya mata kafin Asabar, ranar fim ɗin. Malamar ta dube ta da tausayi, ta ce Asabar ta wace shekara? Ta ce wa mijinta ta yi mugun mafarki a kan fim ɗin. Ya ce ta yi sadaka. Sau biyu ta tare Kelvin a ƙofa za ta roƙe shi, sau biyu kunya ta ɗaure mata harshe, ta ƙare da tambayar lafiyar mamarsa.

Ƙarfe huɗu Kelvin ya iso, ya ja janareta har ya jiƙe da gumi. Zuciyarta ta fara sanyi.

"Madam, ba wahala," ya ce. "Laftof ɗina ya cika da caji."

Aka ɗora kwamfutar a kan kujera. Abdulkahar ya gyara zama, mutum-mutumin da ta ƙi jefarwa a hannunsa, yana shafa hular da babban yatsa. Usaina ta zauna bakin ƙofa kamar wadda aka kawo gaban alƙali.

Ba shanu. Ba kaka. Mai tabon nan da ta mai da shi ƙanen jarumin, tun a farko ya harbi jarumin a ƙirji. Matar da Usaina ta ce yayar jarumin ce, sai ga su rungume da juna. Ta saci kallon mijinta. Fuskarsa ba ta nuna komai ba, leɓɓansa kawai ke motsi a hankali duk lokacin da jarumin zai yi magana. Ta ce a ranta istigfari yake yi, yana danne zuciya. Hawaye suka zubo mata, ta toshe baki da mayafi.

Fim ya ƙare kafin magariba. Kelvin ya naɗe wayoyinsa, ya yi sallama ba tare da ya dube ta ba.

Ta rarrafa ta durƙusa gaban mijinta.

"Maigida, don Allah ka saurare ni. Akwai abin da..."

"Sun bi littafin tiryan-tiryan," ya ce. "Ko kalma ba su canza ba. Shi ya sa ya gundure ni."

Ta ɗago kai. Ya laluba ya kamo hannunta, ya kai hanci, ya yi murmushi.

"Gobe ki mayar da man janareta. Kuma ki daina kuka. Littattafan nan nawa ne, a ɗakin Kelvin na ajiye su tun kafin aurenmu, kowanne na haddace shi da idona. Ɗauko na talatin da biyu, Usaina, ni dai ina so in ji ko kaka ta samu filin gishirinta."