Da Injin Ya Yi Shiru

Injin ɗan jirgin wasan da yarinyar ke tuƙawa daga ƙasa ya yi tari sau biyu a sama, sannan ya mutu. Mai ya ƙare, ita kuwa ba ta taɓa sauke jirgi da hannunta ba.

"Baba, karɓe shi," in ji ta.

Igiyar waya ce ta haɗa na'urar tuƙinta da tasa. Da zai saki maɓalli guda, da tuƙin ya koma wurinsa, kamar yadda suka saba tun da ya fara koya mata.

"Ba zan karɓa ba."

"Don Allah, Baba. Zai tarwatse, kuma shi kaɗai ya rage cikin waɗanda ka ƙera."

"Sunkuyar da hancinsa, Uwata. In kika ja shi sama, zai faɗo kamar buhu."

Jirgin ya juyo yana fuskantarta, dama ta koma mata hagu. Cike da haushin taurin kan tsohon, ta sunkuyar da hancin jirgin. Fiffike ya kusa shafar katanga, tayoyin suka daki ƙasa, suka yi tsalle, suka gangara cikin ciyawa har suka tsaya.

Ta juyo don ta yi masa tsiya. Yana nan tsaye, fuska a sama, kunne a karkace, yana laluben ƙarar injin da ya daɗe yana bi a madadin idanunsa da suka dushe.

"Yawwa, a hankali," ya ce wa sararin da babu komai. "Kin kusa."