Jan Zare a Filashin Mufida

Larai, ɗiyata da ke aure a Kalgo, ita ce ta fara ba ni labarin abin da ya faru a shagon ɗanta Anas. Ta kira ni a waya bayan La'asar, ranta a ɓace. Amma bari in koma baya kaɗan don a gane.

Mufida jikata ce, ɗiyar ɗana marigayi. Tun tana shekara huɗu take ɗakina a Gwandu. Ita ke shafa mini man zafi a gwiwa, ita ke karanta mini saƙon waya. Da ta gama sakandare aka saya mata wani ɗan injin yankan sitika, bai fi akwatin rediyo girma ba. Da shi take yanka sunayen amare tana mannawa a kofi da faranti.

Anas kuwa babban inji gare shi, mai tsawon gado, yana yi wa shaguna allo. Shi da Mufida taubasai ne, ba sa haɗuwa ba tsiya. Shi ya ce injinta wasan 'yar tsana ne, ita ta ce rubutunsa duk iri ɗaya kamar na bayan motar haya.

Ana nan Alhaji Rilwanu zai buɗe kantin magani a Kalgo. Anas ya zana masa allo har iri uku, bai so ko ɗaya ba. Ya ɗauko kofin shayin matarsa ya ce irin wannan rubutu yake so. Aikin Mufida ne. Larai ta ce ranar Anas ko tuwo bai taɓa ba.

Duk da haka ya haɗiye, ya ce Mufida ta zana, shi ya yanka. In aikin ya fita zai ba ta tebur a shagonsa. Larai kuwa har ta share mata ɗaki. Kalgo dama ta saba, ta ɗauke Larai shekara talatin ke nan, sai dai in ina so in bi ta can ranar kasuwa.

Kwamfutar injin Anas ba ta shiga intanet, yana tsoron a sa mata cuta, don haka sai a filashi, wannan ɗan baƙin abu kamar ɗan yatsa. Na farko da aka kai, abin ya watse. Ni ban san kan abin ba, amma an ce ƙaramin inji da irin yadda yake ajiye aikinsa, babban bai gane shi. Haruffa suka ɓace, layuka suka fito biyu-biyu, allon da ya kamata ya rufe gaban kanti ya dawo kamar tafin hannu. Aka dawo da filashin da saƙo: “A ce wa mai 'yar tsana ta tsaya ga kofuna.”

Mufida ta jefa shi cikin tasar da nake ajiye carbi da allura. Kwana huɗu tana gaban kwamfuta, ko shafa mini gwiwa sai na yi magana. Ta koyi yadda ake mayar da haruffa zane, ta haɗe layukan, ta auna girman, ta ajiye shi irin yadda babban inji ke karantawa. Ta sayo sabon filashi, baƙi kamar na farko, ta ɗaura masa jan zare don kar a yi kuskure.

“Kaka, in wannan ya buɗe, sati mai zuwa ina Kalgo,” in ji ta, tana rawa.

Na ce Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri.

Ranar kasuwa filashi mai jan zare ya isa hannun Larai. Kwana biyu bayan nan Anas ya sa shi a kwamfutarsa a gaban Alhaji Rilwanu da abokansa. Haruffa suka ɓace, layuka biyu-biyu, allo kamar tafin hannu. Alhaji ya ce ya ba su zuwa Juma'a, in ba haka ba a yanka kowanne cikin ukun da Anas ya zana. Wannan ne abin da Larai ta kira ta gaya mini.

Mufida na gefena, ta karɓe wayar.

“Gwaggo, ba ni shi. Anas, ka ji tsoron Allah. Hassada ce ke cin ka don an zaɓi nawa.”

“Ni zan yi hassadar mai yankan sunan amare? Ba ki iya ba, ki yarda.”

“Na gwada shi sau goma.”

“A injin wasa.”

Ba wasan taubasai ba ne wannan karon. Larai ma da na tambaye ta cewa ta yi, “Inna, ɗana ne, amma na san halinsa. Ba ya son a fi shi.” Kafin Magariba maganar ta zaga dangi, kowa Anas, Anas.

Mufida ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta goge ɗan injinta da gefen hijabi, ta mayar da shi kwalinsa, ta ce a nemo mai saye. Ta duba tasar carbi tana neman tsohon filashi ta haɗa da shi, ba ta gan shi ba. Sannan ta ɗauko man zafi ta zauna gabana tana shafa mini gwiwa. Shekara goma sha biyar take shafa mini, ban taɓa jin hannunta da sanyi haka ba.

Washegari da na idar da sallar Asuba na hau motar farko zuwa Kalgo. A ƙofar shagon Anas na kwance ƙullin bakin zanena, na miƙa masa sabon filashin, wanda ranar kasuwa na kwance wa jan zare na ɗaura wa tsohon.