Takardar da ke Cikin Kan Maryamu

"Karanta min, Fada, da ƙarfi. Ban yi boko ba, amma kunnena ras yake."

Ranar ce aka ɓamɓare fuskar mutum-mutumin Maryamu na cocinmu don gyara, aka ciro takardar da marigayi mijina ya cusa a ƙoƙon kanta. Haka masassaƙan garinmu ke yi: su rarake kan, su dasa idanun gilashi ta ciki, su bar sunansu, su liƙe.

Mijina ne ya sassaƙa itacen, idanun kuwa ni na hura su da narkakken gilashi. Shekara arba'in ina gaban wuta, har girata ta ƙone, nawa idanun suka dushe. In na yi ƙorafin ba a ambaton aikina sai ya ce, "Haba ke kuwa, sunanki na ciki, kusa da nawa." Da ya mutu aka sa wa titi sunansa, ni ko kujera ba a ba ni ba a wurin bikin. Shi ya sa na zo, don kowa ya ji.

Fada, limamin cocin, ya yi gyaran murya. "Mama, mu bari sai mun keɓe."

"A nan za ka karanta, gaban jama'a."

Ya karanta sunan mijina da shekara, sai layin ƙarshe: "Idanun aikin wani gwani ne a birnin Venis, can Turai."

Na zura yatsu ta bayan fuskar, na ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, na jefa aljihu.

"Mama! Jibi za a zaga gari da ita!"

"To, ku aika Venis."