Takalman Fiddausi

"Fiddausi! Fiddausi!"

Rahila na ta ihu a bakin tafkin Dogo-Dogo, takalman ƴarta a hannu. A gefen ruwa ta tsince su, yarinyar kuwa babu ita.

Ɗanta Rabilu, mai shekara goma sha shida, ya iso a guje. Bai iya ruwa ba, amma ko riga bai tsaya cirewa ba.

"Inna, daina kuka, nan wajen iyakarsa ƙirjina. Bara ma a nan muke wanka."

Ya faɗa ciki.

Ba a jima ba sai ga Fiddausi ta fito daga gonar gero, tana janye da akuyarsu. Taɓo ne ya sa ta cire takalman.

Rahila ta rungume ta, ta juya tana kira: "Rabilu, fito! Ga ƙanwarka!"

Ruwan ko motsi bai yi ba.

Mijinta Jibo ya iso yana haki. "Ta ina ya shiga?"

Ta nuna masa. A daidai nan ne Jibo ya haƙa rami mai zurfin gaba biyu da rani, ya buga tubalin ɗakin da yake gina wa Rabilu.